Gwaggo a Bayan Feloda

Lokacin da aka ba mu jiha aka ce Dutse ce hedikwata, garin bai wuce ka zagaye shi da ƙafa kafin azahar ba. Sai ga shi an wayi gari kowa na neman tsakuwa. Za a gina sakatariya, za a gina gidajen ma'aikata a Takur, za a shimfiɗa kwalta a hanyoyin da a da jakuna kaɗai ke bi. Duwatsun da muka taso muna hawa muna yage wanduna a kansu suka zama kayan kasuwa. Wani kamfani ya kafa injin fasa dutse a gindin ɗaya daga cikinsu, ya shiga ɗaukar ma'aikata, ni ma na bi layi. Da wankin inji da shafa giris na fara, a hankali na hau feloda, wato motar nan mai ƙaton bokiti a gaba da ke ɗibar tsakuwa tana zuba wa tifa. A kanta na ƙarar da ƙuruciyata, kuma har yau in na miƙe daga zaune sai ƙuguna ya tuna mini da ita.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina jinjiri bayan rasuwar mahaifiyata, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Limawa. Nata 'ya'yan ba su zauna ba, mijinta kuma ya rasu tun ban yi wayo ba, saboda haka duk faɗanta da duk ƙaunarta a kaina suka ƙare, kuma tana da su da yawa. 'Yar ƙaramar mace ce, in ta tsaya kusa da ni da ƙyar take kai mini ƙirji, amma bakinta ya ishi unguwa. Ba ta iya zama ba. Ta yi dakau, ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi saran itace. In na ce ta huta tunda na samu aiki, sai ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Jiya-jiya nake share maka majina, yau kai ne mai ajiye ni a ɗaki?" Ko da na yi aure na kama haya a Takur, tuwon da nake ci da rana daga tukunyarta yake fitowa.

Aikin feloda abu ɗaya ne ake ta maimaitawa tun safe har la'asar. Ka cusa bokiti cikin tulin tsakuwa, ka ɗaga, ka ja da baya, ka tsaya ka karya kan motar, ka nufi tifa ka juye, ka sake ja da baya zuwa inda ka tsaya ɗazu, sannan ka koma tuli. Wurin tsayawar nan shi ne tushen duk maganar da zan yi. A nan ake taka birki da bokiti cike, motar ta girgiza, tsakuwa ta zubo ƙasa. Kamfani bai damu da abin da ya zube ba, tayoyi za su danne shi cikin ƙasa a wuce wurin. Matan gari su suka damu. Suna zuwa da daro da guntuwar tsintsiya da tsohon kwano, su tattara, su kai bakin titi su tara, masu ƙaramin gini su saya. Gwaggo ce ta fara gano wannan sana'a, sauran suka biyo ta, don haka ta zama uwarsu. In ta ce a zauna an zauna, in ta ce a tashi babu mai tsayawa ɗaura ɗankwali.

Tsohuwar motar da na fara hawa ba ta da madubi ko ɗaya, birkinta kuma sai ka yi masa magiya. Amma tana da mutum a bayanta. Wani dattijo ne Bafulatani da shanunsa suka ƙare a wata shekarar ciwo, ya shigo gari, kamfani ya ba shi jar tuta a jikin sanda. Baffa mai tuta muke ce masa. Yana tsayawa inda zan gan shi ta kafaɗar hagu. In tuta na sama in tafi, in ta faɗi in tsaya, ko da ni ban ga komai ba. Matan kuwa kiwonsu yake yi sosai da sosai. Ya tare su a inuwar wata tsamiya har sai tifa ta cika, sannan ya sauke sanda ya ce su shiga. Suna tsokanarsa wai ya rasa nagge ya koma kiwon tsofaffi, shi kuma yana cewa wallahi nagge ta fi su jin magana. Haka muka yi shekaru, ko farcen wani ban taɓa karyawa ba.

Ana cikin mulkin soja, lokacin da ake kwana a layin mai, kamfani ya kawo sabuwar feloda a bayan tirela. Duk ma'aikata aka taru ana kallo. Injiniyan da ya rako ta ya hau ya yi ta nuna mana abubuwan da take yi da kanta. In direba ya tashi daga kujera, bokiti ya kulle, ko yaro ya taɓa liba, wato sandar sarrafa bokitin, ba zai motsa ba. In inji ya yi zafi sai ya mutu da kansa kafin ya ƙone. In ka sa giyar ribas kuwa, sai ta kama wani kuka mai tsinin gaske, ƙi-ƙi-ƙi, ba za ta yi shiru ba sai ka cire giyar. Ba zan yi wa motar ƙarya ba, alheri ce. Mun san wani makanike da bokitin tsohuwar mota ya sauko masa a hannu don direba ya zame da gwiwa ya taɓa liba yana sauka. Da wannan ce, da yana nan da hannunsa. Ni aka ba ta. Ranar da na fara zama a ɗakinta na gilas, fanka na kaɗa ni, na ji kamar an naɗa ni hakimi.

A makon ne aka ɗauke Baffa daga bayana aka mai da shi gadin ƙofa. Na je wurin foman, wato shugabanmu na fili, na ce a bar mini shi. Ya yi dariya ya ce, "Mota mai baki me za ta yi da tuta? Ai ita ke faɗa da kanta. Wanda ya ji wannan kuka bai kauce ba, sai dai in ya gaji da duniya."

Kwanakin farko haka ɗin aka yi. Da ta yi kuka sai matan su watse, wasu har da yar da daro. Amma Gwaggo ba ta daɗe tana tsoron abu. Ta zauna a gindin tsamiya ta yi ta kallo har ta fahimci cewa duk sa'ad da motar ta fara kuka, to bokiti cike yana tafe, kuma yanzu tsakuwa za ta zube. Babu kuma sandar Baffa da za ta tare su, saboda haka wadda ta riga zuwa ita ke kwashe mai yawa. Kafin wata ya ƙare, kukan da aka yi don mutane su gudu ya zama shi ne kiran matan nan. Ina sa ribas sai su miƙe gaba ɗaya su nufo bayan motar, suna rige-rige, Gwaggo a gaba.

Wanda bai taɓa zama a kujerar feloda ba ba zai gane abin da ke nan ba. Injin a baya yake, murfinsa ya fi tsayin namiji. Madubai na nuna maka gefe da gefe, amma abin da ke daidai bayanka babu shi a duniyarka. Namiji dogo ma ɓacewa yake, balle tsohuwa mai tsayin buhun gero, kuma a duƙe. Wata rana na ja da baya kamar kullum, na juye, na dawo, sai na hango Gwaggo a madubi tana ɗaga hannu tana masifa. Na sauko. Daronta ne a ƙasa, taya ta bi ta kansa da tsakuwar da ke ciki, ya zama faifai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji komai ba. A kujera ko ɗan motsi ban ji ba. Ita kuwa daron kawai take yi wa faɗa, wai tun na aurenta ne, wai ni makaho ne da ban ga abu mai ƙyalli haka ba.

Da yamma na same ta a gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki bar zuwa wurin nan. In tsakuwa ce, ni zan riƙa kawo miki abin da kike samu."

"Yo ni tsakuwar nake ci?" in ji ta. "Ka kawo mini in zauna ina kallon bango har ƙafafuna su bushe? Matan nan kuma fa, su ma kai za ka kai musu?"

"Motar nan ba ta gani a baya, Gwaggo."

"Ita ba ta gani, kai ma ba ka gani? To me aka ɗora ka a kai kake yi? Tashi ka ba ni wuri, ga tuwonka can yana hucewa."

Da na ga ba za ta bari ba, sai na sauya tuƙina. In na cika bokiti sai in sa ribas amma in danne birki, in bar motar ta yi ta kuka a tsaye. Matan su taso su zo. In leƙa madubin hagu, in leƙa na dama, in miƙa wuya ta taga har sai na ga kowacce, musamman wata tsohuwar malfa da Gwaggo ke ɗorawa a kan ɗankwali. In ban ga malfar ba ba na sakin birki, ko tifa nawa ne ke jira. Da hannu nake kora su gefe ɗaya, sannan in ja a hankali. In tifa ta cika kuma sai in girgiza musu ragowar bokiti can gefe, don su samu abin yi nesa da taya. Na ɗauka dabara na yi. A gaskiya dai dabarar ta yi aiki, don ta kai mu shekaru babu wadda ta ƙuje. Sai dai a cikin shekarun nan matan sun koyi wani sabon karatu, cewa motar nan in ta yi kuka ba tafiya take ba, jira take. Har waƙa suke yi mini, wai motar ɗan Gwaggo ba ta taka mutum.

Na gaji a shekarun nan irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Wuyana ya riƙe saboda waiwaye. Direbobin tifa suna danna mini hon suna zagi, wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Foman kullum sai ya ce tsohuwar mota ma ta fi ni sauri. In na koma gida matata ta yi mini magana sai ta maimaita, don kukan yana nan cikin kunnena. Ko a salla, ina tsaye a sahu, sai in ji ƙafata ta dama tana danna ƙasa tana neman birki. Ga haushi kuma, don babu wanda zan kai wa ƙara. Kamfani ya sayi mota mai tsaro, ya yi abin da ya dace. Matan suna neman halalinsu. Ni kaɗai ne a tsakiya, da wuya a karkace.

Sai kamfani ya samu aikin hanya ta wajen Kiyawa, aka ce ni zan koma can in riƙa loda jar ƙasa da wata motar. Na ce a tura wani, foman ya ce magana ta riga ta fito daga sama, in ba na so ƙofa a buɗe take. Aka kawo wanda zai gaje ni, wani mutum mai natsuwa da ya yi shekaru yana tuƙi a wuraren haƙar ma'adinai can wajen Filato. Ba shi da aibu ko kaɗan. Kafin ya hau sai ya zagaya motar ya duba tayoyi, ya goge madubai da hannun rigarsa. Na ja shi gefe na faɗa masa halin da ake ciki tun daga farko.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji, kuma in sha Allahu zan kula. Amma ni tunda nake ban taɓa ganin inda inji ya yi kuka mutum ya nufo shi ba."

Na ce ya hau mu gwada, ni ina tsaye a matakala. Da sassafe ne, matan ba su iso ba. Na zuba wa hannunsa da ƙafarsa ido. Yana tura giya ƙafarsa na kan totur, abu ɗaya ne a wurinsa, babu tsakani. Kuka da tafiya tare suke farawa. Tuƙi ne mai kyau, haka aka ƙera motar a tuƙa ta, kuma a inda ya fito haka kowa ke yi. Na san zai tuna da maganata yau, zai tuna gobe. Amma wata rana tifa za su yi layi, rana ta take, foman na ihu, ƙafar nan ta koma abin da ta saba. Ranar kuwa Gwaggo na gaba, a duƙe, tana jiran motar ta jira ta.

Sauran kwanakin da suka rage mini na ƙarar da su ina bin mutane. Na koma wa foman a dawo da mai tuta, ya ce babu wannan gurbin yanzu. Na ce to a yi shinge, ya ce wurin da tifa ke shiga ta ko'ina wane shinge. Na ce a hana matan shigowa, ya ce wannan aikin mai gadi ne, kuma an sha faɗa masa. Na je wurin makanike ko zai cire wayar kukan, ya ce in ya taɓa ta aikinsa ya tafi, kuma mota mai tafiya shiru ai ta fi wannan haɗari. Gaskiyarsa ce. Na koma wa Gwaggo har sau ba adadi, na ce wani ne zai hau, ba ni ba ne. Ta ce, "To shi ba uwa ce ta haife shi ba? Zai ga tsofaffi ya taka?" Na sa liman na unguwa ya yi mata magana, ta ba shi goro ta ce ta ji ta gode, washegari ta riga kowa zuwa.

Daga ƙarshe na zauna a benci wurin Baffa a bakin ƙofa. Na ce masa shi ne mai gadi, ya kore su mana.

Ya ce, "Da wace fuskar? Furarsu nake sha. In na tare ƙofa ta bayan dutse za su zagayo, can kuma ya fi muni." Ya murza sandarsa, sannan ya ce, "Yaro, wannan tsohuwa taka tsoro ba ya korar ta. Na yi kiwonta na sani. Ba abin da zai fitar da ita daga nan sai zuciya. In ta yi fushi da wuri, ko zinariya ke zuba ba ta komawa."

Na riga na san haka, na fi shi sani. Akwai wata maƙwabciya da ta taɓa yi mata gorin haihuwa tun ina yaro, har matar ta mutu Gwaggo ba ta sake taka zaurenta ba sai ranar gaisuwa.

Ranar aikina ta ƙarshe a wurin, da hantsi, tifa sun yi layi, leburori sun cika fili, sabon direban na tsaye kusa da foman. Na cika bokiti, na sa ribas, motar ta kama kukanta, matan suka taso. Na bari har suka iso suka duƙa. Sai na cire giya na kashe injin gaba ɗaya, don kada wani ya ce bai ji ba. Na fito na tsaya a matakala, sama da kowa. Na kira Gwaggo da sunanta na yanka.

Sunan nan ko mahaifina bai taɓa furta shi ba, Yaya yake ce mata har ya koma ga Allah. Ni kaina a bakin wata tsohuwar ƙawarta na taɓa jin sa. Na kira shi gatsau, da ƙarfi, yadda ake kiran yarinyar da ta fasa tulu. Na ce ta kwashe tarkacenta ta bar wurin nan. Na ce ta ishe ni, ta zame mini abin kunya a wurin aikina, kullum tana rarrafe a ƙasa tana tsintar abin da aka zubar. Na ce da ita da 'yan rakiyarta kada in sake ganin ƙafar kowa.

Wani direban tifa ya ce innalillahi a hankali. Gwaggo ta ɗago ta miƙe a tsanake, hannu ɗaya a ƙugu. Ta dube ni, ba da fushi ba, irin duban da ake yi wa baƙo ana so a tuna inda aka san shi. Ba ta ce uffan ba, matar da ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ta kifar da tsakuwar da ke sabon daronta a nan inda take, ta kaɗe shi, ta ɗora a ka, ta juya. Sauran matan suka zubar da tasu ɗaya bayan ɗaya suka bi ta. Wata ta waiwayo ta tofar da yawu ta ce, "Tir da wannan riƙo." Baffa ya buɗe musu ƙofa, kansa a ƙasa. Na koma na tayar da inji na cika tifar da ke jira, don aiki bai tsaya ba.

Ba su sake komawa ba, ko ɗaya. Sun ce wurin da ɗa ya kira uwarsa da suna ba wurin neman albarka ba ne. Wasu suka koma itace, wasu tsintar gyaɗa a gonaki bayan an cire. Sabon direban ya yi shekaru a kan motar yana tuƙinsa mai kyau, bayansa fayau.

Ni kuma na tafi Kiyawa. Duk Juma'a nakan hau acaɓa in zo Limawa in gaishe ta. Ba ta yi mini baki ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. In na yi sallama ta amsa, in na durƙusa ta tambayi iyali, in na ajiye hatsi ta ce an gode Allah ya yi albarka. Ta sa a kawo mini ruwa a kofin baƙi. Faɗan nan nata da tsokanar nan, da cewa na rame ko na yi ƙiba ko hulata ta karkace, duk suka ɗauke. Na zauna sau ɗaya na warware mata dalilina tiryan-tiryan, har da yadda ƙafar mutumin nan ke taka totur. Ta saurara tana tsince wake, ta ce, "Na ji." A unguwa kuwa an daɗe ana nuna ni da baki, har akwai dattawan da suka daina miƙo mini hannu a masallaci.

Ban yi nadama ba, kuma ba na yi yanzu. In aka mai da ni kan matakalar nan zan sake kiran sunan. Abin da nake ji gajiya ce, da kewar faɗanta. An ce mini injunan yanzu suna da ido a baya, in mutum ya gifta su tsaya da kansu ko direba bai taka birki ba, wasu ma babu direban. Ina murna da haka har zuciyata. Da irinsu aka kawo mana, da ban buɗe bakina ba.

Bayan an ƙaddamar da shari'a da 'yan shekaru, Gwaggo ta kwanta. Ba wani ciwo mai suna ba ne, tsufa ne da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Na ɗauki hutu na zo na zauna. Wata rana bayan la'asar matan da ke jinyarta suka fita tsakar gida, aka bar mu mu biyu. Ta ƙara ƙanƙancewa a kan gadon, amma idonta na nan tar. Na matsa kusa na ce, "Gwaggo, ki yafe mini abin da na yi miki a wurin aiki."

Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Tun ranar na yafe, kada Allah ya kama ka saboda ni."

Na yi godiya, hawaye na zubo mini. Ta bari na share, sannan ta ce, "Amma in tambaye ka. Bayan mun bar wurin nan, har yau, motar taku wa ta taɓa takawa?"

Na ce, "Babu kowa, Gwaggo."

"Kafin mu bari fa?"

"Babu kowa."

"To ka gani," in ji ta. Ta juya fuskarta wajen bango, ta ce in ja mata ƙofa in zan fita.